Tambayoyi da amsoshi kan tace kolestarol daga jinin masu ciwon da ake gada daga iyaye

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ya fito da ƙuraje masu tauri ruwan ɗorawa a gwiwoyinsa da tsakanin yatsunsa. An auna jininsa, an ce kolestarol ɗinsa ya haura 600, kuma sai an riƙa tace masa jini. Abincin da nake ba shi ne ya jawo?

Amsa: Malama, ki daina ɗora wa kanki laifi, domin wannan ciwo gadonsa ake yi. Ƙwayoyin hanta suna da wasu makamai da ke cafke mugun kolestarol (wani maiƙo da ke yawo a jini), wato LDL, su janye shi daga jini, kuma gano su ne ya sa Michael Brown da Joseph Goldstein suka sami kyautar Nobel a 1985. Wanda ya gaji matsalar daga ɓangare ɗaya, kamar mutum 1 cikin 250, magani yakan wadatar da shi. Amma yaron da ya gada daga uwa da uba duka, wanda ake samu kusan 1 cikin 300,000, makamansa kusan ba sa aiki, don haka maiƙon yakan taru a fata kamar yadda kika gani, ya kuma toshe jijiyoyin zuciya tun kafin ya kai shekara 20. Masana sun fi son a fara tacewar tun da wuri, kada a wuce shekara 8, saboda haka ina roƙonki kada a jinkirta. Ke da mahaifinsa da sauran 'yan'uwansa duka ku je a auna ku.

Tambaya: Shin daidai yake da wankin ƙoda?

Amsa: Sun yi kama a ido, amma aikinsu daban ne. Ana soka allura a jijiyar hannu ɗaya, jini ya bi ta roba zuwa na'ura, a galibin hanyoyin ta raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa, ta bi da ruwan ta cikin matacin da LDL ke liƙewa a jikinsa, sannan a mayar da komai ta ɗaya hannun. Zama ɗaya yakan ɗauki awa 2 zuwa 4, ya rage LDL da fiye da kashi 60 cikin 100. Sai dai yana sake hauhawa cikin kwanaki, shi ya sa ake maimaitawa duk mako ko duk mako biyu, kuma wannan zirga-zirgar ce ta fi gajiyar da iyalai.

Tambaya: Ina shan lisinopril saboda hawan jini, kuma an tsara mini tacewa. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, Malam. Wannan magani da danginsa, irin su enalapril da captopril, idan suka haɗu da wasu matatan sukan sa ƙarfin bugun jini ya faɗi ƙasa farat ɗaya, har mutum ya suma. Ka sanar da likitanka tun kafin ranar, shi zai sauya maka da wani. Kada ka dakatar da shi da kanka.

Tambaya: Idan na fara tacewa, zan iya barin ƙwayoyin statin da nake sha don rage kolestarol?

Amsa: A'a. Statin da ezetimibe, da allurai irin su evolocumab, su ne ke rage saurin dawowar LDL tsakanin zama da zama. Mai juna biyu kuwa akan dakatar mata da statin, kuma a lokacin tacewar ce ke riƙe ta har ta sauka.