Raguwar rashin aikin yi na nufin kasuwar ƙwadago ta gyaru?

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digiri na biyu a kan yadda ake auna tangarɗar kasuwar ƙwadago a lokutan haɓaka da koma-bayan tattalin arziki. Na dogara da adadin marasa aikin yi kaɗai, sai mai duba aikina ya ce ma'aunin bai isa ba. Lokaci ya ƙure mini, hankalina kuma ya tashi. Ina na kuskure?

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, aikinka bai lalace ba, amma mai duba aikin yana da gaskiya. Kuskuren da ka yi shi ne wanda nake karo da shi kusan kullum, har a bakin masu sharhin da ke cika gidajen rediyo da surutu, wato ɗaukar cewa duk sa'ad da adadin marasa aiki ya sauka, to kasuwa ta gyaru.

Ka tuna yadda ake ƙirgar. A ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi aikin awa ɗaya tak na biya a mako ma'aikaci ne, wanda kuma ya gaji da nema ya zauna a gida ba ya cikin marasa aiki, domin an fitar da shi daga lissafin baki ɗaya. Ke nan adadin yana iya sauka alhali mutane fid da rai suka yi. A Amurka ya sauka daga kashi 10 cikin ɗari a Oktoban 2009 zuwa kusan kashi 5 a 2015, amma a tsakanin 2008 da 2015 kason masu aiki ko neman aiki ya zame daga kusan kashi 66 zuwa ƙasa da 63. Tsufan al'umma ya taka rawa, ban musa ba, sai dai wanda ya kalli lamba ta farko kaɗai bai ma san akwai abin tambaya ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda jami'ai ke ɗaga wannan lamba ɗaya tamkar tuta, a gina manufa a kanta, a janye tallafi tun mutane ba su farfaɗo ba.

Tangarɗar tana da fuska biyu: ma'aikaci na zaune babu aiki, ko kuma gurbin aiki na nan babu mai cike shi, kamfani na ɓarnatar da kuɗi da lokaci wajen nema. Saboda haka sai ka haɗa marasa aiki da guraben aiki, dangantakar da ake kira lanƙwasar Beveridge. Masana biyu, Pascal Michaillat da Emmanuel Saez, sun kawo hanya mai sauƙi: ka ninka kason marasa aiki da kason guraben, ka nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da sakamakon. Ita ce matakin rashin aikin yi da ya fi dacewa.

Gwada da Amurka a ƙarshen 2009. Marasa aiki kashi 10, gurabe kusan 1.6, ninkinsu 16, amsa 4. Giɓin maki 6 ke nan na ƙwadagon da ke zube. A Maris na 2022 kuwa marasa aiki kashi 3.6 ne, ga gurabe kusan biyu ga kowane mai nema, amsar ta kai wajen 5, ma'ana marasa aikin sun gaza matakin da ya dace, kamfanoni na wahalar samun ma'aikata, wato akwai tangarɗa duk da ƙanƙantar adadin.

Alƙaluman guraben Amurka na binciken gwamnati da ake kira JOLTS daga Disamban 2000 suka fara, don haka idan zangon bincikenka ya riga wannan lokaci, ko ƙasar da kake nazari ba ta tattara irinsu, ka bayyana a babin hanyoyin bincike abin da ka sa a madadinsu, ka kuma ƙara da awannin aiki da masu aikin 'yan awanni da ke son cikakke.