Amsa ga mai tambaya kan fim da ke ɗingishi idan an jona laftof da talabijin ko majigi

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun da safe na ga tambayarka, na bari sai da na rufe shago don in amsa maka a natse, saboda wannan matsala ta daɗe tana sa mutane kashe kuɗi a banza. Ka ce ka sa MPC-HC, manhajar kunna bidiyo, da madVR mai zana mata hoton a allo, a laftof ɗinka, a allonta fim yana tafiya ba laifi, amma da ka jona talabijin ɗin falo da wayar HDMI sai hoto ya riƙa fizga duk sanda kyamara ta juya, baƙi ya koma toka-toka, a majigin makarantarku kuma abin ya fi muni. Ka ɗaga saitin madVR har ƙarshe babu sauyi, yanzu kana shawarar sayen wata kwamfutar.

Kada ka saya tukuna. Ni na taɓa yin haka. Shekarun baya, lokacin da nake haɗa bidiyon biki ina kuma haska wa mutane a ɗakin taro, na tara kuɗi na sayi katin hoto mai ƙarfi, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa abin da ake gani a allo, na dawo gida na sa shi da murna, na kunna fim ɗin da ke ba ni matsala. Kyamara na fara bin jerin motocin amarya, fizgar nan tana nan yadda na bar ta. Ranar na gane ba ƙarfi ne ya yi ƙaranci ba, lissafi ne bai daidaita ba.

Ga yadda abin yake. Fim jerin hotuna ne da ake sauyawa da sauri, kowane ɗaya muna ce masa firam. Yawancin finafinan waje firam 23.976 suke a daƙiƙa, wato 24 saura ƙiris. Shirye-shiryen tashoshinmu na nan 25 ne ko 50, saboda tsarinmu ya bi wutar lantarki mai bugu 50, kamar na Turai. Na Amurka 29.97 ne ko 59.94. Wayoyinmu kuma galibi 30 suke ɗauka. Allon laftof ɗinka kuwa sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, kuma idan ka jona talabijin, Windows 60 ɗin yakan ba ta ita ma. To raba 60 gida 24, za ka samu biyu da rabi. Allo ba ya iya rabin sabuntawa, saboda haka firam ɗaya zai zauna sau uku, na bayansa sau biyu, uku, biyu, har fim ya ƙare. Wani ya daɗe kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa, wani kashi 33, alhali kowanne kusan 42 ne haƙƙinsa. Tafiyar mai ɗingishi ke nan, taku ɗaya dogo ɗaya gajere. Na 25 a kan 60 ma haka ne, biyu da ɗigo huɗu ake samu. A ƙaramin allon laftof ido yana yafewa, amma a talabijin mai inci 55 ko bangon da majigi ya cika, tazarar da abu ke tsallakawa ta girma, dole ka gani. Shi ya sa ka ɗauka laftof ɗin lafiya take, alhali ɗingishin yana can ma.

Kafin ka taɓa komai, kunna fim ɗin ka danna Ctrl da J tare. madVR zai rubuto maka bayanai a gefen allo. Ka duba layin da ke faɗin bugun allo da wanda ke faɗin firam ɗin fim, sannan ka sa ido a kan dropped frames da repeated frames, wato waɗanda aka zubar da waɗanda aka maimaita. Ka bar fim ya yi minti biyar kana kallon lambobin. Ni ba na yarda da idona kaɗai a wannan aiki, domin idan mutum ya gaji sai ya fara ganin fizga inda babu, ko ya saba da wadda take akwai.

Maganin ɗingishin shi ne talabijin ta bi fim, ba fim ya bi talabijin ba. Shiga saitin madVR, ƙarƙashin devices za ka ga sunan kowane allo da ka taɓa jonawa, kuma kowanne yana da nasa saitin daban. Wannan ne abin da na fi so a manhajar, don abin da ka gyara wa talabijin ba zai taɓa na majigi ba. Zaɓi talabijin ɗin, shiga display modes, kunna switch to matching display mode, sannan a akwatin ƙasa ka rubuta 1080p23, 1080p24, 1080p50, 1080p59, 1080p60. Idan 4K ce ka sa 2160 a madadin 1080. Daga nan duk fim ɗin da ka buɗe, allo zai ɗauke na daƙiƙa biyu ko uku ya dawo da bugun da ya dace. Kada ɗaukewar ta tsorata ka, alamar yana aiki ce. Ka lura 23 da 24 ba abu ɗaya ba ne: a wurin Windows, 23 yana nufin 23.976. Idan ka nuna fim mai 23.976 a kan 24 cif, za a maimaita firam ɗaya kusan duk daƙiƙa 42, wata 'yar cijewa da ke zuwa tana komawa, wadda in ka fara lura da ita ba za ka sake jin daɗin kallo ba. Sannan kada ka manta da 1080p50. Mutane suna kwafo saiti daga masu kallo a Amurka su bar shi, alhali a nan ƙwallon da ka naɗa daga tauraron ɗan'adam da shirye-shiryen gida da shi suke tafiya.

Wani abin da na tabbata yana cikin matsalarka ta makaranta: yadda ka jona allon biyu. Danna maɓallin Windows da P. Idan kana kan Duplicate, kwamfuta tana ƙoƙarin tura hoto ɗaya ga alluna biyu da agogonsu ya bambanta, kuma allon laftof, wanda bai iya komai ba sai 60, zai riƙe majigin. Ka koma Second screen only lokacin haskawa. In dole sai kana ganin laftof, ka zaɓi Extend, ka ja tagar fim gaba ɗaya zuwa majigi ka cika allo da ita.

Akwai allunan da ba sa karɓar 23 ko 50 ko kaɗan, kamar na laftof ɗinka da wasu ƙananan majigai masu araha. A nan ne smooth motion na madVR yake da amfani, yana ƙarƙashin rendering. Ba ƙirƙiro sabon motsi yake yi ba, gauraya firam biyu yake a daidai inda lissafi ya karye. Hoto yakan ɗan yi laushi a wurin motsi, amma ɗingishin yana tafiya. Ka bar shi a zaɓin da ke cewa ya kunna kawai idan za a samu fizga ba tare da shi ba. Kada ka haɗa shi da wanda ke cikin talabijin, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus, LG kuma TruMotion, Sony Motionflow. Wancan ƙago firam yake yi daga kansa, shi ke sa fim ya koma kamar an ɗauka da waya, wani lokaci ƙwallo ta rabu biyu a sama. Ni kashe shi nake yi, duk da na san akwai masu son sa a kallon wasa.

Yanzu maganar ɗaga saiti har ƙarshe. Wannan ka mayar da shi baya yau ɗin nan. NGU da ire-irensa, wato hanyoyin madVR na faɗaɗa hoto, an yi su ne don manyan katunan hoto, laftof ta ofis ba za ta ɗauka ba. A bayanan Ctrl da J akwai lokacin rendering, wato lokacin da zana kowane firam ke ɗauka. Fim mai firam 24 yana ba katin hoto kusan kashi 41 cikin dubu na daƙiƙa ya gama kowane firam, mai 50 kashi 20 kacal, mai 60 ƙasa da 17. In ya wuce haka dole a zubar da firam. Ka sauko zuwa hanyoyi marasa nauyi, Bicubic ko Lanczos, ka bar tazara mai kyau. A LAV Video kuma, mai warware bidiyo a cikin MPC-HC, ka kunna D3D11 ko DXVA2 copy-back don katin hoto ya ɗauki aikin warware bidiyon. Idan bayan haka laftof ɗin tana nishi, ka gwada MPC Video Renderer, ya fi sauƙin nauyi kuma hotonsa mai kyau ne.

Tazarar nan da na ce ka bari, ga dalilina. Wata rana cikin watan Afrilu ina haska bidiyon walima a wani ɗakin taro, na gwada komai da safe lafiya lau. Ana tsaka da kallo aka ɗauke wuta, aka tada janareta, majigi ya dawo, amma soket ɗin da cajata take ba ya kan layin janareta. Laftof ta koma batir ta rage gudunta, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ta toshe fankarta tun watannin baya. Ina tsaye a baya ina ganin hannun ango yana tsalle-tsalle a bango, uwar amarya ta waiwayo tana dubana. Tun daga ranar ba na haskawa sai caja tana jiki, saitin wuta yana kan mafi ƙarfi, an ɗaga bayan laftof iska na shiga, kuma duk ƙarshen hunturu sai na kai an bushe mata ƙura.

Sai baƙin da ya koma toka. Bidiyo yana ajiye haske daga 16 zuwa 235, kwamfuta kuma daga 0 zuwa 255. Wurare uku ne ke iya juya wannan: madVR, direban katin hoto, da talabijin. Idan ba su yi magana ɗaya ba, ko dai baƙi ya yi fari-fari kamar an shafa toka, ko kuma duhu ya cinye komai, baƙar riga da inuwar bayanta su zama abu guda. Abin da na fi yi shi ne madVR a PC levels, wato 0 zuwa 255, katin hoto a Full, talabijin ma a cikakke. A Samsung sunan wurin HDMI Black Level, ka sa Normal. A LG Black Level ne, ka sa High. Idan majigin bai da wannan zaɓi, ka bar madVR a PC levels ɗin, ka mayar da katin hoto Limited don wannan allon. Abin gudu shi ne madVR a TV levels, wato 16 zuwa 235, kuma kati a Limited, an matse hoton sau biyu ke nan. Ka nemi bidiyon gwaji na AVS HD 709, kyauta ne, akwai mai sandunan baƙi masu ƙyaftawa. Daga 17 zuwa sama ya kamata ka gani, 16 da abin da ke ƙasa su ɓace cikin baƙi.

In kuma wasu finafinan ne kaɗai ke fitowa a koɗe, duba sunan fayil ɗin, wataƙila HDR ne, tsarin bidiyo mai faɗin haske da launi, majigin kuma bai san shi ba. madVR yana iya sauko da shi a sashen hdr, sai dai aikin yana da nauyi. Ga majigin makaranta, neman kwafin 1080p na yau da kullum ya fi maka sauƙi.

Abu ɗaya nake roƙonka, ka riƙa sauya saiti ɗaya-ɗaya, kana komawa wuri guda a fim guda, inda kyamara ke juyawa a hankali ko inda sunaye ke hawa a ƙarshe. Fara da Windows da P, sai display modes, sai rage nauyi, launi ya zo daga baya. Idan ka yi, ɗauki hoton bayanan Ctrl da J a talabijin da kuma a majigi bayan minti biyar ana kallo, ka turo nan tare da samfurin laftof ɗin da lambar majigin, in sha Allahu zan duba maka gobe bayan la'asar.