Tambaya da Amsa: Wace na'urar karanta littattafai zan saya kafin in dawo gida?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan Tawa ne, ina karatun tarihi a birnin Liyon na Faransa, kuma saura mini shekara guda in dawo gida. Karatu a waya ya fara gajiyar da idanuna, littattafan takarda kuwa ga tsada ga nauyi. Na tara kimanin yuro 120, ina so in sayi na'urar karanta littattafai, wadda a nan ake kira liseuse. Wacce ta dace da ni?

Ɗalibi daga Liyon

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa wa karatu albarka. Yuro 120 ya haura jika 78 na sefa, kuma a wajen ɗalibi wannan ba kuɗin gwaji ba ne. Shawarata ita ce ka yi zaɓinka kana tunanin Tawa, domin a can na'urar za ta yi mafi yawan shekarunta.

Amfaninta ba ya da shakka. Fuskarta ta tawadar lantarki ce, ana karanta ta cikin hasken rana kamar takarda, kuma ba ta cin wuta sosai sai lokacin juya shafi ko kunna fitilarta, shi ya sa caji ɗaya yake kai makonni. Duk wanda ya san ɗaukewar wuta a bazara ya san darajar wannan.

Amma kafin ka shiga shago, buɗe kwamfutarka ka duba irin littattafan da ka tara. Idan EPUB ne, wato tsarin fayil da aka yi don littattafan lantarki, rubutun yana bin girman fuskar na'urar, kana ƙara shi ko ka rage yadda idonka yake so. Idan kuwa mafi yawansu PDF ne, kamar tsofaffin littattafan da ɗaliban tarihi ke saukewa daga Gallica, shafin intanet na ɗakin karatun ƙasa na Faransa, to shafin ba ya sauyawa, kuma a fuska mai inci 6, wadda ita ce kuɗinka zai saya, harufan za su ƙanƙance har ka koma ja da matsawa a kowane layi. In haka lamarinka yake, gara ka nemi kwamfutar hannu (tablette) mai faɗi wadda aka yi amfani da ita, ka haƙura da liseuse.

Idan EPUB ya rinjaya, sai batun kamfani. Kindle na Amazon na'ura ce mai inganci, sau da yawa ma ita ce mafi araha, sai dai littattafan da ka saya a cikinta a kulle suke da asusunka, kuma tun watan Fabrairu na 2025 kamfanin ya janye damar sauke su a kwamfuta don turawa ta kebul. Ba ta buɗe EPUB kai tsaye, sai an fara juya shi zuwa tsarin da take karɓa. Ga wanda zai zauna Faransa da katin bankinsa wannan ƙaramin abu ne, amma kai da za ka dawo, na fi so ka duba Kobo, wadda shagunan Fnac ke sayarwa, ko Vivlio, wadda ake samu a shagunan Cultura da Decitre (kamfanin Vivlio ma a nan Liyon ɗinku yake). Duka biyun suna karɓar EPUB ta kebul ba tare da intanet ba, kuma suna aiki da tsarin PNB da ɗakunan karatu da dama na Faransa ke ba da aron littattafai da shi, wanda Kindle ba ta karɓa. Kada ka biya kuɗin fuska mai launi. Fari da baƙi mai fitila ya isa, kuma giga 8 na ɗaukar dubban littattafai.

Sabuwa tana da garantin shekara 2 a dokar Turai, amma zai yi wuya ka ci moriyarsa daga Tawa. Saboda haka ka saya yanzu, ka yi aiki da ita wata da watanni, domin in akwai aibi ya fito tun kana kusa da shagon. Idan ta hannu za ka saya a Leboncoin, shafin intanet na saye da sayar da kayan hannu, ka gan ta da idonka, ka juya shafuka ka duba ko akwai layin da ya daskare a fuskar, sannan mai ita ya cire asusunsa a gabanka.

Akwai gwajin da mai shago ba zai tuna maka ba. Sa rubutun Hausa a ciki ka ga yadda ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suke fitowa. Idan akwatuna suka bayyana a madadinsu, ƙara mata salon harufa irin su Charis SIL ko Gentium, waɗanda kyauta ne. Ka haɗa mata marufi tun ranar farko, domin fuskar yawancinsu a kan siririn gilashi take, kuma in ta fashe da wuya ka samu mai canza ta ko a Yamai. Kada ka bar ta cikin mota a ranar Afrilu, zafi yana kashe batir. Kafin tafiya kuma, ka sauke manhajar Calibre, ka tattara littattafanka a kwamfuta, ka kwafe su a wata ma'ajiya daban da za ka sa cikin jakar hannunka.