Motar asibiti ko ɗakin haihuwa? Amsoshi ga masu neman tallafin gidauniyar lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata a kudancin Taraba. Mun ji Gidauniyar TY Danjuma tana tallafa wa ƙungiyoyi a harkar lafiya, muna so mu nema, amma kanmu ya rabu. Shugabarmu ta ce mu nemi motar ɗaukar marasa lafiya, saboda akwai matan da suka rasu a hanyar zuwa babban asibiti. Ni kuma na ce mu gyara ɗakin haihuwar asibitin garinmu, wanda ba wuta ba ruwa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ina bayanki, amma damuwar shugabarku gaskiya ce, kada ku jefar da ita.

Ƙofar da za ku ƙwanƙwasa dai ba ku yi ɓatan kai ba. Janar Theophilus Danjuma, ɗan Takum, shi ya kafa gidauniyar a 2009. Hedikwatarta na Abuja, tana da ofis a Taraba da Edo, lafiya da ilimi ne manyan ayyukanta, kuma ƙungiyoyi masu rajista take bai wa kuɗi su yi aikin. Asibitin haihuwa na Rufkatu Danjuma da ke Takum shaida ne cewa lafiyar uwa da jariri ba baƙon abu ba ne a wurinta. Sai dai kafin ku ɗauki biro, ku nemo sanarwar neman tallafi ta wannan shekara ku karanta ta layi-layi. Kowace gidauniya takan faɗi abin da take so a zagayen da ake ciki, da jihohin da take so, da abin da ba ta biya. Takardar da ta kauce wa wannan, ko da zinare aka rubuta ta, gefe ake ajiye ta.

Yanzu ga motar. Ranar da aka yanka kintinkiri aka miƙa makulli, ranar ce kashe kuɗi ya fara. Wa zai biya direba? Wa zai zuba mai ƙarfe 2 na dare, lokacin da mijin mai naƙuda ba shi da ko sisi a aljihu? Taya, batir, juyen baƙin mai, gyaran da hanyar damina za ta jawo, duk a wuyan wa? Tallafi irin wannan yana da wa'adi, sau da yawa shekara guda ne. Ki zaga sakatariyar ƙananan hukumomi da harabar asibitoci, za ki ga motoci masu tambarin masu bayarwa a zaune kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Masu duba takardu sun fi ni ganin waɗannan motoci, shi ya sa tambayar da ke ransu kullum ita ce: idan kuɗinmu ya ƙare, wa zai riƙe abin?

Matsalar hanya tana da magani mai sauƙin kuɗi, kuma an gwada shi a Arewa. A jihohi irin su Katsina, Zamfara, Yobe da Adamawa an yi tsarin sufurin gaggawa da direbobin ƙungiyar NURTW ta ma'aikatan sufurin mota: a horar da direbobin tasha, su ba da lambobin wayarsu, mai naƙuda ta rikice a kira su su kai ta asibiti ba tare da tsawwala kuɗi ba. Motar tasu ce, gyaranta nasu ne. Abin da za ku sa a kasafi shi ne horo, da ɗan asusun mai da unguwa za ta riƙa tarawa a ciki. Ki kai wa shugabarku wannan, ina jin za ta sauko.

A ɗakin haihuwa kuwa, ki sa ido kan abin da ke kashe mata: zubar jini bayan haihuwa, da jijjiga, da ƙwayar cuta. Ga abin da za ku nema: sola mai haska ɗaki, ungozoma ta daina riƙe fitilar waya da haƙora tana ɗinki. Ruwa da wurin wanke hannu. Ƙaramin firij, saboda allurar oxytocin da ake tsayar da jini da ita zafi na rage mata ƙarfi. Na'urar awon hawan jini mai aiki, da allurar magnesium sulphate ta jijjiga, da man chlorhexidine na cibiyar jariri. Akwai kuma wata shimfiɗar leda mai aljihu da layukan awo, ana sa ta ƙarƙashin mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki a ga adadinsa da ido maimakon kintace. Binciken E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa wannan leda tare da ba da magunguna gaba ɗaya nan take sun rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Takardar da ta ambaci irin wannan ta nuna masu ita sun zauna da ungozoma kafin su rubuta.

Abu guda kada ku manta: asibitin ba naku ba ne, na gwamnati ne. Ku samu wasiƙar amincewa daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da ta kwamitin ci gaban mazaɓa, ku zauna da mai riƙe da asibitin ya buɗe muku rajistar awo da ta haihuwa. Mata nawa suka zo awo bara, nawa suka dawo suka haihu a nan? Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce hujjarku, ta fi shafi uku na "al'ummarmu na cikin mawuyacin hali". Ku kuma tambaya ko asibitin na cikin masu karɓar kuɗin asusun BHCPF na kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. Idan yana ciki, daga nan za a iya riƙa sayen ƙwan fitila da gyaran famfo bayan kun gama, sai ku rubuta hakan ɓaro-ɓaro. Firjin rigakafi kuwa kada ku nema sai kun tambayi jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, don an raba masu aiki da hasken rana a mazaɓu da yawa da tallafin Gavi, ƙungiyar duniya mai tallafa wa rigakafi, wataƙila naku na nan.

Tambaya: Malam, wani ya ce shi gwani ne wajen rubuta takardar neman tallafi, kuma yana da mutum a ciki. Yana so mu biya kuɗin fom, idan tallafin ya fito kuma a ba shi kashi 20 cikin 100. Mu yarda? Daga sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, ku riƙe kuɗinku. Gidauniyar da ke raba kuɗi ba ta sayar da fom. Duk wanda ya turo muku saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin rajista, ko lambar BVN, ko lambobin katin cirar kuɗi, ɗan damfara ne ko da tambarin wace gidauniya ya liƙa.

Batun kaso ma, ko mutumin na gaskiya ne, tarko ne. Kasafin da za ku miƙa ba shi da layin la'ada. Kowace naira an ce ga abin da za a yi da ita, kuma za a nemi rasit. To daga ina kashi 20 ɗin zai fito? Sai dai ku ƙara farashin siminti a takarda, ko ku rubuta horon da ba a yi ba. Ranar da mai binciken kuɗi ya zo, gwanin ya daɗe da kashe waya, sa hannunka da na shugabanku ne a kan takardun.

Neman taimako wajen rubutu ba laifi ba ne, musamman tunda da Turanci ake cikewa. Ku yi ciniki a kan aikin, a biya shi lada tsayayye daga aljihun ƙungiya, a samu ko kar a samu. Kuma ku zauna tare da shi yana rubutawa. Na faɗi haka ne saboda masu ba da tallafi kan kira waya ko su zo ganin wuri, abin kunya ne a tambayi shugaba abin da ke shafi na 3 ya fara sosa ƙeya.

Tambaya: Mu matasa ne a Gombe, muna yashe magudanai da wayar da kai kan rigakafi shekara da shekaru, amma ba mu da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Ga sanarwa ta fito, saura makonni kaɗan a rufe. Mu yi rajistar gaggawa, ko mu shiga ƙarƙashin wata babbar ƙungiya?

Amsa: Ƙanena, a wannan zagayen, rajista ba za ta cim muku ba. Rajistar ƙungiya mai amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 tana buƙatar tsarin mulki a rubuce, da sunayen amintattu, da buga sanarwa a jarida, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan nan ga lambar haraji, ga takardar SCUML ta sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda banki kan nema kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu. Ita SCUML kyauta ake yin rajistarta, kada wani ya sayar muku. Ko duk an gama, masu bayarwa da yawa suna son ganin bayanan kuɗin shekarun baya da odita ya duba, sabuwar takarda ba ta da su.

Saboda haka ku yi biyun. Ku fara rajistar yanzu don gaba, wannan karon kuma ku shiga da ƙungiyar da ta riga ta tsaya da ƙafarta. Amma a rubuce: wane aiki ne naku, nawa ne kuɗinsa, yaushe za a sake shi, kuma sunanku ya fito a cikin takardar. Idan suka ce ai mu duka ɗaya ne, ba sai an rubuta ba, ku yi musu godiya ku tashi.

Ku sani gasar ta yi zafi. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje a farkon 2025 ta kuma rufe hukumar USAID, manyan ƙungiyoyin da a da ba sa waiwayar ƙaramin tallafi sun dawo layi ɗaya da ku. Abin da kuke da shi wanda ba su da shi, shi ne mai unguwa da limami sun san fuskokinku. Ku fara ajiye littafi daga yau: ranar aiki, unguwa, mutum nawa, hotuna, nawa aka tara nawa aka kashe.

Tambaya: Alhamdu lillahi mun samu tallafin, har da kuɗin na'urar hoton ciki. Kafin kuɗin su shigo farashi ya tashi. Wani ɗan kasuwa ya kawo mana ta hannu, 'yar Beljiyam, a rabin kuɗi. Mu saya, rarar mu yi katanga?

Amsa: Barka da arziki, Hajiya. Katangar dai a'a, sai da izini. Kuɗin da aka ware wa abu ba a karkatar da shi zuwa wani sai an rubuta wa gidauniyar ta amsa a rubuce, ko da niyyar alheri ce. Tashin farashi ba baƙo ba ne a wurinsu. Ku aika musu takardun farashi daga 'yan kasuwa uku, ku ce ga halin da ake ciki, ga abin da muke ba da shawara.

Ta hannun kuwa, duba yarjejeniyarku tukuna, wasu masu bayarwa sun hana sayen kayan gwanjo sam. Idan an halatta, kada a biya sai ma'aikacin da zai yi aiki da ita ya kunna ya gwada a gabanku, musamman kan na'urar da ake gogawa a cikin mace, don shi ne mai saurin lalacewa kuma shi ne mai tsada. A tambayi ɗan kasuwar wa ke gyara irinta a Kano ko Jos, da garantin wata nawa zai bayar a rubuce. Idan kuma har yanzu asibitin ba shi da wanda aka horar ya karanta hoton, ku nemi izinin mayar da wani ɓangare na kuɗin zuwa horar da ungozoma, a sayi ƙaramar sabuwa mai batir da sauran. A biya ta banki, da sunan kamfanin da ke kan rasit.