Fanken ayaba ga jariri, babu ƙwai babu madarar shanu

'Yar'uwa, kin ce jaririnki ya kai wata 6, kina so ki yi masa fanken ayaba, amma gidanku ba a cin abin da ya fito daga jikin dabba, kuma kina tsoron ƙullin ba zai haɗu ba tunda babu ƙwai. Zai haɗu. Ayabar ce ke riƙe shi, don haka ki nemi wadda ta nuna luguf, bawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi.

Ki dame ayaba 1 da cokali mai yatsu, ki zuba garin ots (oats, hatsin da ake kunu da shi) kamar babban cokali 4, sai 'yar madarar waken soya marar sukari, ko nononki da kika tatsa. Ki bar ƙullin minti 5 ya yi kauri. Ki ɗan shafa mai a kasko, wuta ƙasa-ƙasa, ki riƙa zubawa cokali ɗaya-ɗaya. Nan ake yawan kuskure: a ƙara wuta, bayansa ya ƙone saboda zaƙin ayaba, cikin kuma ɗanye, yana danƙo. Ƙanana sun fi sauƙin juyawa ma.

Ban da gishiri, ban da sukari. Zuma kuwa ba a ba jariri sai ya cika shekara 1, ko da wani ya ce ki ɗiga masa.

In ya huce ki yanka shi dogo-dogo kamar yatsa, ki zaunar da yaron a miƙe, kada ki bar wurin yana ci. Waken soya kan tayar wa wasu yara borin jini. In kin ga ƙuraje, kumburin leɓe ko amai, ki dakata ki ga likita. In numfashi ne ya sarƙe, sai asibiti nan take. Ki kuma tambayi likitan yara game da bitamin B12, domin ba a samunsa yadda ya kamata daga tsirrai.