Tambaya da Amsa: Florina ta faɗi, ba ta tashi ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya bar mini tsohuwar na'urarsa ta Game Boy Advance da wasan dabarun yaƙi na Fire Emblem. Na gama labarin Lyn, na yi nisa cikin na Eliwood, sai wani maharbi ya kakkaɓo mini Florina, yarinyar nan mai doki mai fukafukai. Babi biyu ke nan ba ta dawo ba. Ko kaset ɗin ne ya lalace? Daga wani ɗan lise, unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kaset ɗinka lafiya lau yake. Florina ta tafi ke nan, sai haƙuri.

Abin da ya ruɗe ka shi ne babi goma na farko, na Lyn. A can duk wanda ya faɗi rauni kawai ya ji, kana sake haɗuwa da shi a gaba. Da ka shiga labarin Eliwood, sassauci ya ƙare. Haka kamfanin Intelligent Systems ya gina wasan tun fitowarsa ta farko a Japan a 1990, kan na'urar Famicom ta Nintendo. Naka na 2003 ne, na bakwai a jerin, kuma shi ne na farko da aka sayar a wajen Japan.

Ni ma na ɗanɗana. Ina zaune a zauren gidanmu da ke Bagalam, da zafin Afrilu, na tura Florina gaba don ta kama wani ɓarawo kafin ya buɗe akwati. Ban duba iyakar da kibiya za ta kai ba. Ranar ko tuwon dare ban ci da daɗi ba, don tun tana 'yar matsoraciya nake renonta.

Ka ɗauki wasan nan kamar darar da dattawa ke yi a gindin bedi: ba a aza ɗa sai an hango inda abokin karawa zai sa nasa. Kafin ka motsa kowa, danna kan kowane maƙiyi ka ga gidajen da makaminsa ke kaiwa. Takobi na rinjayar gatari, gatari na rinjayar mashi, mashi na rinjayar takobi. Baka kuwa ajalin duk mai tashi sama ne. Makamai ma suna ƙarewa, kada ka ɓarnatar da na azurfa kan ƙananan 'yan fashi.

Da yawa in an kashe musu jarumi sai su kashe na'ura su sake babin. Ban ce haramun ba ne, amma ni na fi son a ci gaba da rashin, a nan ne wasan ke da nauyi. Tunda ka riga ka wuce babi biyu, kada ka koma. Yayarta Fiora tana nan tafe, ita ma a kan doki mai fukafukai, amma sai Florina ta yi mata magana take shiga rundunarka, don haka ita ma sai haƙuri.