Ga amsarka, mai son biyo ni Faransa karatun duwatsu

Ƙanina, saƙonka ne na huɗu daga Garwa a watan nan, duk saboda hoto ɗaya da na sa a Facebook: ni da hular kwano a gefen wani kututture. Ka ce da ka gama karatu a Maiganga za ka biyo ni birnin Lil da ke arewacin Faransa, wai harkar ma'adinai akwai kuɗi. To, zauna ka ji.

Kututturen nan dutse ne. Itace ne da ya mutu sama da shekara miliyan 300, ana ce masa Lepidodendron. Yana iya wuce mita 30 a tsawo, ba ya fure, ba ya 'ya'ya, jikinsa zane-zane kamar saɓar maciji, kowane tabo gurbin ganye ne da ya faɗi. A fadamu ya tsiro, lokacin da wannan ƙasar mai sanyin tsiya take kusa da tsakiyar duniya, cikin zafi da laima. Irinsa suka faɗi, laka ta binne su, suka zama kwal. Danginsa da suka rage a yau 'yan tsirrai ne da ba su kai gwiwa ba. Ranar da na fara shafa ɓawonsa da hannuna, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Shi ya riƙe ni a nan.

Amma ramukan kwal ɗin fa? Na yankin nan an rufe na ƙarshe a 1990, na Faransa gaba ɗaya a 2004. Aikina a ɗakin ajiya yake, ina buɗe akwatuna masu ƙura. Kawu ya taɓa tambayata ko itacen yana cin wuta, ko a kawo wa Inna. Har yau 'yan uwa zuwa suke yi neman rance, a zatonsu lu'ulu'u nake tonowa.

Lokacin da na nemi biza sai da na nuna Yuro 615 na kowane wata, sama da sefa dubu 400, kuma haya kaɗai ta lashe fiye da rabi. Shekara biyu ina wanke kwanuka da dare. Wani mai gida ya ji sunana a waya ya ce an kama ɗakin. Abokina Bature ya kira bayan minti goma, mai gidan ya ce masa ya zo ya duba. Ban manta ba.

In albashi kake nema, karanci man fetur ko haƙar rijiyoyin burtsatse. In kuwa itacen ne ya shiga ranka, turo min sakamakon jarrabawarka in duba, kuma kada Baba ya sayar da saniya ko ɗaya kafin mu yi magana.